Kwanon Mai Azumi: Kyauta da Alheri a Azumin Kirista, Kamar Yadda Ake Ganinsu Daga Yalwawa

 

Da aka sanar da kan wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni a bakin ofis, ya ce, "Malam, kai da aka sani da nahawu da karin magana, kuma Musulmi, me ya kai ka azumin Kirista?" Na ce masa abu biyu ne suka kai ni, watau harshe da maƙwabtaka. A Yalwawa nake zaune, kuma duk wanda ya san unguwar ya san cewa tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, irin waɗannan unguwanni suka cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Buɗe Jami'ar Tarayya a 2011 ya ƙara yawansu. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Kirista, kuma shekara da shekaru ina ganin abin da ke fita daga ƙofar gidan nan a lokacin azuminsu. Ni ba malamin addininsu ba ne. Abin da maƙwabci ya gani, da abin da mai nazarin harshe ya karanta, shi zan kawo muku.

Kalmomin da muka yi tarayya a kansu

Bari mu fara da abin da na fi sani. Lokacin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, shi da abokan aikinsa suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi cikakke a 1932, sun tarar da harshen ya riga ya ƙoshi da kalmomin ibada waɗanda Musulunci ya shigo da su tun ƙarnoni da suka wuce. Ba su da wata hanya sai su ɗebi waɗannan kalmomi. Shi ya sa Kirista Bahaushe yake cewa Allah, yake cewa addu'a, da sadaka, da tuba, da azumi. Ita kalmar azumi asalinta Larabci ne, ko da yake masana da dama suna ganin ta bakin Buzaye ta biyo kafin ta iso mu, shi ya sa siffarta ta canza haka. Kashi ɗaya cikin goma da Kirista yake fitarwa daga abin da ya samu, zakka yake ce masa. Abin da yake sakawa a kwano ranar Lahadi kuwa baiko ne, kalmar da in ka faɗe ta a Garu za a zaci maganar aure kake yi.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce alheri. Mu a bakinmu alheri shi ne kyakkyawan abin da mutum ya yi wa mutum, har muna cewa alheri gadon barci ne. Masu fassara sun ɗora wa kalmar wani nauyi na biyu, suka sa ta ɗauki ma'anar falalar da Allah yake yi wa bawa ba tare da bawan ya cancanta ba. Saboda haka idan Kirista mai jin Hausa ya ce zai yi alheri a lokacin azumi, ma'anoni biyu ne suke aiki a kansa lokaci guda: abin da yake ganin an yi masa kyauta daga sama, da abin da zai miƙa wa na kusa da shi. Wanda bai san wannan ba zai ji kalmar, ya ɗauka ya gane, alhali rabinta ya kama.

Azumin kansa

Azumin da muke magana a kai shi ne na kwana arba'in, wanda suke kira Lent. Yana farawa ranar Larabar Toka, ranar da ake shafa wa masu ibada toka a goshi don tuna musu cewa daga ƙasa suke kuma can za su koma, ya ƙare a jajiberin Ista. In ka ƙirga za ka sami kwana 46, amma ba a lissafa Lahadi shida da ke ciki, sai ya rage 40. Adadin yana tuna kwana arba'in da Linjila ta ce Annabi Isa, alaihis salam, wanda suke kira Yesu Almasihu, ya yi yana azumi a jeji. Ista kuma ita ce ranar da suka yi imani ya tashi daga matattu bayan an gicciye shi, abin da mu Musulmi muka saɓa da su a kai, kuma ba shi ne batunmu yau ba. Al'adar tsohuwa ce ƙwarai, domin an ambaci wannan lokaci na arba'in tun a dokokin babban taron Nikiya na shekarar 325.

Ba duk Kirista ne suke yinsa iri ɗaya ba. 'Yan Katolika, tun bayan gyaran da Paparoma Paul na Shida ya yi a 1966, kwana biyu ne aka wajabta musu rage abinci, Larabar Toka da Jumma'ar da ke gabanin Ista, sa'an nan su bar cin nama a ranakun Jumma'a. Sauran an bar wa mutum da niyyarsa. 'Yan Angilika su ma suna kiyaye lokacin. Majami'u da yawa na bishara da na Fentikos kuwa ba su ɗaure kansu da shi ba, wasu sukan yi nasu azumin a farkon shekara. A ƙasar nan kuma za ka sami masu kame baki tun safe har ƙarfe shida na yamma, fiye da abin da dokar cocinsu ta nema.

Akwai wani abu da littattafan da aka rubuta a Turai ba za su gaya muku ba. Larabar Toka tana faɗowa ne tsakanin 4 ga Fabrairu da 10 ga Maris, Ista kuma tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A can lokacin fitar sanyi ne da tohon itatuwa. A Dutse kuwa azumin yana kamawa da wutsiyar hunturu, ya kutsa cikin bazara, lokacin da duwatsun garin nan suke ɗaukar zafi da rana su riƙa amayo shi da dare, rijiya ta ja baya, hatsin da aka girbe da kaka ya fara raguwa a rumbu, mazan ƙauye sun tafi cin rani sun bar mata da yara. Watau a nan, azumin yana zuwa ne daidai lokacin da mabukaci ya fara yawa.

Lissafin kwano

To, ina kyauta ta shigo? A sura ta 6 ta Linjilar Matta, wadda ake karantawa ranar Larabar Toka, an jera sadaka da addu'a da azumi wuri ɗaya, an kuma yi kashedi kada a yi ko ɗaya daga cikinsu don idon mutane. Amma abin da ya ƙulla azumi da sadaka a aikace wani lissafi ne mai sauƙi, wanda ake samu tun a wani littafin Kirista na ƙarni na biyu da ake kira Makiyayin Harmas. Abin da ya koyar shi ne, ranar da ka yi azumi, ka ƙiyasta kuɗin abincin da da ka ci, ka ba gwauruwa ko maraya ko wani mabukaci. Augustine, babban malaminsu, ɗan Afirka ta Arewa wanda ya rasu a 430 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya kwatanta azumi da sadaka da fikafikai biyu da addu'a take tashi da su.

Ku dubi hikimar wannan lissafi. Wanda ya yi azumi ya bar kuɗin a aljihunsa, tsimi ya yi. Wanda kuma ya rama da dare abin da ya bari da rana, lokacin cin abinci kawai ya sauya. Mu ma Musulmi wannan magana ta shafe mu, domin kowa ya san gidajen da cefanensu yake ninkawa a watan Ramadan. Alal misali, a ce abincin ranar ma'aikaci naira 1,000 ne. Kwana arba'in ya kama naira 40,000, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a 2024. Ba daga ribar kasuwa aka fitar da shi ba, daga cikin mai bayarwa aka yanko shi.

Sa'ad da nake karatu a Jamus na ga yadda aka mai da wannan lissafi ya zama hukuma. Bishof-bishof na Katolika na ƙasar sun kafa Misereor a 1958 domin tara sadakar azumi a yaƙi yunwa da cuta a duniya. A Ingila matan Katolika sun fara ranar azumin iyali a 1960, daga nan ƙungiyar CAFOD ta tsiro. A Ayalan, ƙasar da limaman Katolika da yawa na Arewacin Nijeriya suka fito, Trócaire da aka kafa a 1973 tana raba wa gidaje ɗan akwatin kwali a saka canji har Ista. A gida kuma akwai Caritas ta Nijeriya tun 2010. Duk wannan na yaba. Amma wanda ya fi burge ni a Yalwawa na gan shi. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, tana da wani bokiti mai murfi a ɗakin girkinta. Duk ranar da ta yi azumi sai ta auni gwangwani ɗaya na shinkafa ko wake ta zuba a ciki. Ba ta taɓa jin sunan Harmas ba, na tambaye ta. Wurin tsohuwarta ta gani, ita kuma a Zumuntar Mata ta koya, ƙungiyar nan ta matan coci da ta bazu ko'ina a Arewa, wadda ita ce take ɗauke da yawancin ziyarar asibiti da gaisuwar mutuwa da tallafin gwauraye, ko da yake ba kasafai ake jin sunanta a wurin jawabi ba.

Kyautar Bahaushe da ciwonta

A nan nake so in daɗe kaɗan. Bahaushe ba baƙon kyauta ba ne. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiyana, aka buga a 1974 da sunan Mutumin Kirki, karamci yana cikin halaye goma da ya lissafa. Amma kyautarmu ta gargajiya mai dawowa ce. Wanda aka aiko da kyauta sai an ba shi tukwici, har muka ce yaba kyauta tukwici. Gudummawar biki bashi ce da ba a rubuta ba, kuma duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ya ga yadda mata suke riƙe lissafinta a ka, a mayar har da ƙari. Ciyayya ma haka take: kwano ya tafi da tuwo, ba ya dawowa wayam. Marcel Mauss, Bafaranshe, ya nuna tun 1925 cewa haka al'ummomi da yawa suke, kyauta tana ɗaure mai karɓa. Ni ban ga aibin wannan ba, domin da shi ake ɗinke zumunci.

Matsalar tana wurin wanda ba shi da abin mayarwa. Shi tsarin ciyayya yakan tsallake shi, domin kowa ya san kwanon ba zai dawo da komai ba. In kuma an ba shi, sai a ba shi a bainar jama'a, ya durƙusa, ya yi godiya, ya yi addu'a da ƙarfi, watau ya biya da mutuncinsa tun da ba shi da hatsi. Addinan nan biyu duka sun gane wannan ciwo. A sura ta 14 ta Linjilar Luka an umurci mai yin walima ya gayyaci waɗanda ba za su iya rama masa ba. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, ya yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Kuma misalin hannun hagu da bai san abin da dama ta bayar ba yana cikin Linjilar Matta, yana kuma cikin hadisin nan na mutum bakwai da za su sami inuwa ranar ƙiyama.

Amma yau fa? An ƙirƙiro wani sabon tukwici, shi ne hoto. A jera gwauraye a rana, kowace ta rungume ƙullin shinkafa, a ɗauke su a watsa a Facebook. Coci suna yi, masallatai suna yi, 'yan siyasa kuwa sun fi kowa. Na san hujjar da ake kawowa, wai don waɗanda suka ba da kuɗi su ga inda ya tafi. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba, domin amana tana bukatar shaida. Sai dai ana iya ɗaukar hoton buhu a bar fuskar matar. Maƙwabciyar nan tawa, da bokitinta ya cika, bayan magariba take aiken yaro, kuma ta hana shi tsayawa karɓar tukwici.

Dutse da katangar da ke tsakani

Ba zan yi muku adalci ba in na nuna kamar kwano yana ƙetare katanga cikin sauƙi a garin nan. A watan Satumba na 2006, bayan zargin ɓatanci, an ƙona majami'u fiye da goma a Dutse, da shaguna, mutane suka gudu suka fake a wurin 'yan sanda. Yawancin ɗaliban da ke zaune a nan ba su yi wayo ba a lokacin, amma iyayen wasunsu suna tunawa. Akwai kuma tsohon zargi daga ɗaya ɓangaren, cewa alherin Kirista ƙugiya ce da aka saka wa tsutsa. Zargin yana da tarihinsa. 'Yan mishan na SIM sun karɓi kula da kutare a Yadakunya da sauran wurare a shekarun 1930, sun buɗe asibitin ido na Kano a 1943, kuma ba su taɓa ɓoye cewa suna fatan masu jinya su karɓi bishara ba. Dubban mutane sun sami lafiya da gani, wannan gaskiya ne. Cewa magani da wa'azi sun zo a faranti ɗaya, wannan ma gaskiya ne.

Ra'ayina, kuma ina faɗinsa a gaban 'yan'uwa Kirista, shi ne sadakar azumi da aka ɗaura wa sharaɗi ta koma irin kyautar nan mai neman a rama, wadda nassinsu ya ce a wuce ta. Ga 'yan'uwana Musulmi kuma, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ba ta hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, kuma mayar da kwanon maƙwabci ba a taɓa ba wulaƙanci ne a al'adar kowa. Jama'a ma sun riga malamai samun mafita: Kiristan da zai raba nama yakan kira Musulmi ya yanka masa, a lokacin azumi kuwa ɗanyen hatsi ake bayarwa, wanda ba shi da wata shubuha. A Kaduna, Fasto Yohanna Buru ya shahara da raba wa Musulmi mabukata hatsi a watan Ramadan. Irin wannan ana yinsa a unguwanninmu, ba a dai kai shi jarida.

Na ga gwajin abin a 2023. Larabar Toka ta faɗo ranar 22 ga Fabrairu, tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi da canjin naira ya jawo, kwana uku kafin zaɓen shugaban ƙasa. Mai albashi yana da kuɗi a banki, ba ya iya taɓa su. Almajiri da makaho da mai tallan ƙosai kuwa ba su da asusun da za a tura musu. Sadakar aljihu ta tsaya cik. Abin da ya yi aiki a makonnin nan shi ne mudu da kwano, kuma bokitin nan da na ba ku labari bai kai Ista ba, tun a tsakiya aka juye shi. Gidaje uku da suka ci shi duk na Musulmi ne. Da Ramadan ya kama a ƙarshen Maris, kunu da dabinon Dutse suka riƙa bin hanyar a juye.

Teburin ma'aikaci

Yanzu ga ku ma'aikata. Akwai wani nassi da ake karantawa a farkon wannan azumi, sura ta 58 ta littafin Ishaya. A ciki mutane suna kukan sun yi azumi Allah bai kula ba, sai aka amsa musu cewa a ranar azumin nasu suna matsa wa ma'aikatansu. Azumin da ake so, in ji surar, shi ne a kwance wa wanda aka zalunta ƙulli, a raba abinci da mayunwaci. Ku lura, an sa sauke zalunci gaba da rabon abinci.

Tsohon malamin firamare ya taso daga Gwaram ko Birnin Kudu, ya ranci kuɗin mota, ya zo bin takardar fanshonsa. Aka ce ya dawo gobe, mai sa hannu yana azumi, ya gaji. Ko Ramadan ne ko Lent, na ji an ba da wannan uzuri. Ma'aikacin nan yana iya ba da sadakar naira 500 a bakin ƙofa da yamma, alhali ya ci wa tsohon nan kuɗin mota na zuwa da komowa da safe. Sa hannu a kan lokaci haƙƙi ne, ba ma alheri ba, amma a inda haƙƙi ya yi wuya, wanda ya sauke shi ba tare da neman goro ba ya yi abin da buhun shinkafa bai yi ba. Mu malamai ma kada mu ɓuya a bayan ma'aikata, akwai takardun jarrabawa da kundayen ɗalibai da suke kwana a teburinmu wata da watanni. Ku ɗalibai kuma, kowa ya san wani a ɗakin kwanansu da yake cewa ya ƙoshi alhali bai ci ba. Kunya ce take hana shi roƙo, saboda haka gayyatarsa za a yi a ci tare, kada a miƙa masa.

Abu na ƙarshe lissafin kalanda ne. Ramadan yana matsowa gaba da kimanin kwana 11 kowace shekara, shi kuwa azumin Kirista yana nan tsakanin Fabrairu da Afrilu, don haka sukan haɗu na 'yan shekaru, su rabu na tsawon zamani. A 1992 da 1993, lokacin da ake kwararowa Dutse da kaya a kan motoci don kafa sabuwar jiha, kusan rana ɗaya suka fara. Sun sake haɗuwa daga 2022. A 2025 Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris, Larabar Toka ta biyo ranar 5. A 2026 da 2027 tazarar farkonsu ba ta wuce kwana biyu ko uku ba. Daga nan kuma sai bayan shekara ashirin da biyar ko fiye, lokacin da ɗaliban da ke gabana za su kasance su ne daraktoci masu sa hannu.

Kafin nan ina da roƙo ga ɗaliban sashenmu masu neman kan kundi. Hausar da ake yi a majami'un Dutse da Haɗeja da Kazaure, da kalmomin baiko da ziyara da zumunta da matan nan suke amfani da su, fili ne mai faɗi, kuma tsofaffin da suka fi iya ta suna ƙarewa. Wanda yake so ya same ni a ofis ranar Litinin, zan haɗa shi da maƙwabciyata, in ta yarda.

Shugaba, na ga ka dubi agogo sau biyu.